Daga Kwangila zuwa Samaru: Abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya tsayar da tasi a Zariya

Babu ranar da Zariya ba ta karɓar baƙi. Akwai uban da ya kawo 'yarsa rajista a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ma'aikacin da ofishinsu ya turo kwas, akwai ɗan kasuwar da ya zo sarin kaya ko bin bashi a Kasuwar Sabon Gari, ga kuma masu rakiyar marasa lafiya zuwa asibitin koyarwa na Shika, waɗanda suka fi kowa isowa a gigice. Akasarinsu motar haya ce ke sauke su a bakin titi, kuma daga wannan lokaci ragamar tafiyarsu ta koma hannun mutumin da ba su taɓa gani ba, wato direban tasi ko mai Keke Napep ko ɗan acaba.

An saba ɗora wa direbobi laifin duk asarar da baƙo ya yi, kuma ba a rasa na banza a cikinsu, kamar kowace sana'a. Amma mafi yawan kuɗi da lokacin da baƙo ke rasawa a Zariya rashin sanin abu biyu ne ke cinye su. Na farko, yadda garin yake a shimfiɗe. Na biyu, yadda tasi ke aiki a cikinsa, domin tasin Zariya layi take bi, daga wannan mahaɗa zuwa waccan, ba ta san lambar gida ko sunan ofis ba.

Gari ɗaya, garuruwa da yawa

Abin da ake kira Zariya garuruwa ne da aka jera kamar carbi, kowanne da dalilin kafuwarsa. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take. Da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta ratsa ta nan har ta isa Kano a 1911, sai Sabon Gari ya tsiro kusa da tashar jirgin, ya zama mazaunin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa. Ɗaya daga cikin kamfanonin, Paterson Zochonis, shi ya bar wa babbar mahaɗar garin sunan PZ, wanda har gobe 'yan kamasho ke kira. Tudun Wada kuma ta zauna tsakanin Birni da Sabon Gari, rafin Kubanni ya raba ta da Sabon Garin. Samaru ta fi su nisa. Tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 ce ta fara raya ta, daga baya jami'a ta buɗe a 1962 ta mayar da ita gari sosai. Daga ƙofar fada zuwa ƙofar jami'a a Samaru tafiya ce ta fiye da kilomita 10.

Wanda ya riƙe wannan jerin a kansa ya rage wa kansa rabin wahala. In ka tsaya a PZ, hanya ɗaya ta haye Kubanni ta bi ta Agoro da Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, ta shiga Birni. Ɗaya kuma, wato titin Sakkwato, ta bi ta Kwangila, ta wuce Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da ke wajen Palladan, ta ratsa Zango, ta shiga Samaru, ta ci gaba zuwa Shika da Giwa da Funtuwa. Kusan duk inda baƙo zai je a Zariya yana kan wannan igiya ne, ko kuwa ɗan reshe ne daga jikinta, kamar hanyar Basawa inda Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa take.

Saboda haka shawarar farko tun a cikin motar da ta kawo ka ake yanke ta. Babban titin Kaduna zuwa Kano gefen gari yake bi. Mai tahowa daga Kaduna zai fara riskar Ɗanmagaji, kusa da Wusasa, kuma nan ya fi dacewa da mai nufin Birni ko Tudun Wada. Mai nufin Samaru ko Shika ko Sabon Gari sai ya haƙura har gadar Kwangila, inda titin ya gitta titin Sakkwato. Mai tahowa daga Kano kuwa Dogarawa zai fara gani, sannan Kwangila. Mutum nawa ne suka ji an ce "Zariya, akwai mai sauka?" suka yi wuf suka sauka a Ɗanmagaji, alhali Samaru za su? Wannan saurin kaɗai ya ƙara musu mota biyu da kuɗin kaya sau biyu.

Sai kuma sunayen da ke yaudara, kuma babu kamar "ABU". In ka ce wa direba ya kai ka ABU, ka ba shi wurare aƙalla huɗu ya zaɓa. Babban mazaunin jami'ar yana Samaru, kuma shi ma ƙofofinsa ba ɗaya ba ne, tsakanin babbar ƙofa da ta arewa akwai 'yar tafiya ga mai ɗauke da akwati. Harabar Kongo, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, tana can ɓangaren Tudun Wada. Asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, amma tsohon ginin Tudun Wada yana nan, kuma tsofaffin mutanen gari har yanzu shi suke fara tunawa in an ce asibitin ABU. Tsakanin Kongo da Shika ya haura kilomita 15. Ga wanda likita ya ba ƙarfe tara na safe, ko wanda za a rufe wa ɗakin jarrabawa, wannan kuskure ba ƙarami ba ne.

Haka "Sabon Gari". A bakin direba unguwar kasuwa ce da kewayenta. A takardar gwamnati kuwa Ƙaramar Hukuma ce wadda Samaru da Basawa da Palladan duk suna cikinta. Ma'aikacin da aka rubuta masa "Samaru, Sabon Gari" a wasiƙar gayyata, in ya karanta wa direba rabin ƙarshe kawai, a bakin kasuwa zai tsinci kansa. Abin da ya fi shi ne ka kira wanda za ka je wurinsa tun kana hanya, ka tambaye shi sunan mahaɗar da za ka sauka, da abin da ke kusa da ita wanda kowa ya sani, masallaci ne ko banki ko gidan mai. Sunan titi da ke rubuce a takarda sau da yawa ba shi ne a bakin mutane ba.

Kujera ko shata

A Landan, kafin a ba mutum lasisin tuƙa baƙar tasin nan da aka san birnin da ita, sai ya haddace dubban tituna ya ci jarrabawa a kansu, abin da kan ɗauke shi shekara uku zuwa huɗu. Fasinja ya faɗi adireshi, mita ta ƙirga kuɗi. A Zariya babu mita, kuma tsarin daban ne tun daga tushe. Kujera ake sayarwa. Motar tana da layinta, misali PZ zuwa Samaru, tana ɗauka tana saukewa a hanya, kowa ya biya gwargwadon zangon da ya yi. Ƙananan bas-bas da Keke Napep, waɗanda a yau suka ƙwace kaso mai yawa na aikin da tasi ke yi a da, su ma haka suke. Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya san irin wannan: ka faɗi unguwa ta taga, in hanyar direba ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya ƙara gaba.

Ɗaukar mota kai kaɗai shi ne shata, wasu su ce dirof, kuma a nan ne baƙo ya fi faɗawa rami. Yana tsaye da jaka, mota ta tsaya babu kowa a ciki, ya ambaci sunan wani ofis ko otal maimakon sunan mahaɗa. A kunnen direba wannan neman shata ne. Wani zai tambaya, "Alhaji, dirof ne?" baƙo ya ce "E" don ya ɗauka ana tambayarsa ko zai sauka ne. Wani kuma ba zai tambaya ba. Sai an isa a fara jayayya, kuma a wannan jayayya baƙo ba ya cin nasara, domin an riga an ƙona mai.

Maganin abin kalma biyu ne kafin ka taɓa murfin mota. Bayan sallama, ka ce, "Malam, Samaru, kujera ɗaya, nawa ne?" Ko kuwa, "Shata nake so zuwa Shika, nawa za ka kai ni?" Direban da ya ce maka "Shigo kawai, ranka ya daɗe, ba za mu ɓata ba," ka gode masa, ka sake tambayar kuɗin. Wannan kalami mai daɗi shi ne farkon yawancin rigingimun bakin titi.

Ta yaya baƙo zai san ko kuɗin shata ya yi daidai? Akwai lissafi mai sauƙi. Tasi kan ɗauki mutum shida, biyu a gaba huɗu a baya, ko da yake ba haka masu ƙera ta suka nufa ba, kuma jami'an kiyaye haɗura ba sa son ganin biyun nan na gaba. Ka nemi sanin kuɗin kujera ɗaya a wannan layin, ka ninka shi shida. Abin da ya fito shi ne gindin ciniki. In wurin da za ka yana kan layi, bai kamata kuɗin ya yi nisa da wannan ba. In kuwa lungu ne da direba zai dawo babu fasinja, yana da hujjar ƙari, kuma adalci ne a ba shi. Kuɗin kujerar kuma kada ka tambaye shi a wurin ɗan kamasho, wanda rabonsa ke cikin abin da za ka biya. Mai shayi ko mai shago ko mai POS da ke gefen titi ba shi da riba a ɓatanka, shi za ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya.

Kada kuma ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka bara. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi sahu. Tsohon ɗalibin da ya bar Samaru shekara goma da suka wuce, in ya dawo karɓar takardar shaidarsa yana riƙe da tsohon farashi a ka, zai zargi direba da cuta a inda babu cuta.

Tsakanin kujera da shata akwai matsakaiciyar hanya da 'yan gari suka sani. Mai jiki, ko mai ɗauke da kwamfuta da takardun ofis, ko macen da ba ta son cakuɗa da maza, na iya biyan kujerun gaba biyu ta zauna ita kaɗai. Haka nan kana iya bin motar layi zuwa mahaɗa mafi kusa, sannan ka ɗauki shatar Keke na ɗan abin da ya rage. Sau da yawa wannan bai kai rabin shatar tasi tun daga farko ba.

Duk da haka akwai inda shata ta zama dole, kuma tsumulmula a nan hasara ce. Mara lafiyar da ba ya iya zama a matse, ɗan kasuwar da ke da dila uku, ma'aikacin da zai zaga Kongo da Samaru da Basawa a yini ɗaya, duk shata ta fi musu. Sai dai a ƙulla magana dalla-dalla: har cikin harabar za a shiga ko bakin ƙofa, akwai jira ko babu, in akwai na awa nawa, da dawowa ko kai kawai, kuma kuɗin kaya yana ciki ko daban. Batun ƙofa yana da muhimmanci a Zariya fiye da garuruwa da yawa, saboda manyan wurarenta masu shinge ne. Motar layi a bakin ƙofar jami'a take saukewa, kuma daga nan zuwa wani sashe tafiya ce mai tsawo. A barikin soja kuwa, kamar Daffo inda ake horar da kurata, masu gadi ne ke da ta cewa kan wanda zai shiga, ba yarjejeniyarka da direba ba. Kuma kada ka biya duka kuɗin tun farko in akwai jira. Rabi a tafiya, rabi a dawowa, shi ke sa a same shi inda aka bar shi.

Wace mota, wane lokaci

Lambar mota tana magana ga wanda ya iya karanta ta. A Najeriya motar haya rubutun lambarta ja ne, ta gida shuɗi, ta gwamnati kore. Motar da ke da jar lamba da fentin haya, wadda ta yi lodi a tasha ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta NURTW, tana da inda za a bi sawunta. In ka manta jaka a ciki, shugabannin tasha sun san direban da ya yi lodi a wannan lokaci, kuma an sha dawo wa mutane da kayansu ta wannan hanya. Motar da ka tare a tsakiyar hanya ba ta da wannan.

Ba kowace mota mai shuɗiyar lamba ce abin tsoro ba. Da yawan masu kabu-kabu ma'aikata ne da albashi ya gaza kai su ƙarshen wata, suke ɗaukar fasinja a hanyar zuwa ofis don su sami na mai, kuma wasu masu karanta wannan sun san haka daga gida. Amma baƙo ba shi da yadda zai bambance malamin makaranta da ɗan damfara. A Abuja da Legas an daɗe ana fama da 'yan "wan cans", masu cika mota da abokan aikinsu a matsayin fasinjoji, su bar gurbi ɗaya ga wanda za su yi wa fashi. Akwai kuma tsohuwar dabarar da ta zaga garuruwan Arewa: ana cikin tafiya sai direba ya fara faɗa da wani fasinja kan wani kwali cike da kuɗi a but, a nemi ka sa baki, daga nan a ja ka zuwa wurin "wanke" kuɗin. Duk motar da aka fara irin wannan zance a cikinta, ka ce a sauke ka a wuri mai jama'a, kada ka tsaya jin ƙarshen labarin. Kalmar kabu-kabu ma, ga mai tsallakawa Maraɗi ko Damagaram, a can babur take nufi, kada ka nemi ta ka tsaya jiran mota.

Ɗaukar hoton lambar mota ka aika wa wani ta WhatsApp kafin ka shiga, musamman a shata, ba cin fuska ba ne, kuma direban kirki ba ya jin haushinsa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗura kuma 122. A cikin Keke, wanda gefensa a buɗe yake, waya a aljihu ta fi waya a hannu, musamman inda cunkoso ya tsayar da abin hawa kamar Kwangila da bakin kasuwa.

Wanda ya saba da Uber ko Bolt a Abuja, inda manhaja ke nuna sunan direba da lambar mota da farashi tun kafin a tashi, kada ya shigo Zariya da zaton wayarsa za ta fitar da shi kowane lokaci. Ya gwada, in ya samu ya gode wa Allah, amma ya zo da shirin bakin titi. Taswirar waya tana da amfani ta wata fuskar: ko ba ka san gari ba, za ka ga ko motar ta nufi Samaru ko ta juya wani wajen.

Dokokin abin hawa kuma suna sauyawa daga jiha zuwa jiha, wani lokaci cikin dare ɗaya. Kano ta hana acaba a Janairun 2013, sannan a Yulin 2022 ta hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A ƙarshen Satumban 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna, saboda matsalar tsaro, ta dakatar da hawa babur na wani lokaci, ta kuma taƙaita Keke zuwa tsakanin 6 na safe da 7 na yamma. Mai isowa da dare ya tambayi mai masaukinsa abin da ke aiki a wannan makon, kada ya sauka a Kwangila ƙarfe goma sha ɗaya yana neman abin da doka ta kwantar.

Akwai kuma ranakun da garin ke cika ya batse: makon rajistar sababbin ɗalibai, ranar yaye ɗalibai, ranar faretin kammala horon kurata, da kwanakin hawan Sallah a Birni. A irin waɗannan ranaku mota tana wuya, shata tana tsada, kuma ciniki ba ya tasiri sosai domin bayanka akwai mai jiran ya biya. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa bayan an sauko, direbobi da yawa suna masallaci, wasu hanyoyin kuma sahu ya rufe su. Wanda ke da alƙawari a wannan tsakanin ya tashi da wuri.

Saura batun canji, wanda ya fi kowane abu haddasa cacar baki. In takardar dubu ce a hannunka, ka faɗa tun kafin ka zauna. In taransifa za ka yi, ka tambaya tukuna, domin ba kowane direba ke karɓa ba, kuma wanda ya karɓa ba zai bar ka ka tafi ba sai ya ga kuɗin sun shigo, ko da sabis ya ɗauke. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa direbobi da yawa buɗe asusu, amma bai koya wa layin da ke bayanka haƙuri ba. In an kusa inda za ka sauka kuma ba ka gane wurin ba, kada kunya ta hana ka cewa, "Direba, ni baƙo ne, in an zo Zango a sauke ni." A motar layi wannan furuci ba ya ƙara maka kuɗi, tunda farashin kowa ya ji shi, kuma za ka tarar fasinja biyu ko uku sun ɗauki nauyin tuna wa direban. A Sabon Gari, inda Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu suka yi shekara fiye da ɗari, Hausa da Turancin buroka duk suna biyan buƙata.

Ga wanda zai yi kwanaki, kamar mai jinya a Shika ko mai kwas a Kongo, in ya dace da direba ko mai Keke da ya yi masa gaskiya a ranar farko, ya karɓi lambar wayarsa, su daidaita kuɗin safe da na yamma gaba ɗaya. Ranar komawa kuma ya gaya masa garin da za shi tun kafin su tashi, Kaduna ne ko Kano ko Funtuwa, domin motocin kowace hanya da inda suke lodi, kuma tsallaka titin Kwangila da kaya a ka ba abin da mutum zai so ya yi sau biyu ba ne.